Tsohon Fada da Ƙamusinsa: Shekarun Sharl de Fuko a Tamanrasat

Hanyar da ta tashi daga bakin gadar Gaya, inda Nijar take kallon Malanbil ta ƙasar Benin, Kamba ta Nijeriya kuma tana nan gabas ba da nisa ba, doguwa ce ƙwarai. Wanda ya bi ta ya yi arewa za ta kai shi Dosso, ta karkata da shi gabas ta Dogondutsi har Birnin Ƙonni, ta haura Tawa da Agadas da Arlit, ta tsallake iyaka bayan Asamaka, kana ta sauke shi a Tamanrasat, cikin duwatsun Ahaggar na kudancin Aljeriya. Tamanrasat a yau birni ne, har Hausa ana ji a kasuwanninsa saboda fatake da ƴan ci-rani. A shekarar 1905 kuwa ƙauye ne mai gidaje kamar 20, mafi yawansu na manoma talakawa, a gefen wani kwari da ruwa kan daɗe bai bi ba. A wannan ƙauye ne wani limamin Katolika Bafaranshe ya sauke kayansa cikin watan Agusta na wannan shekara. Ya zauna shekara 11, ya tsufa tun shekarunsa ba su kai na tsufa ba, aka kuma kashe shi a ƙofar gidansa. Sunansa Sharl de Fuko, wanda a bangon littattafai ake rubutawa Charles de Foucauld.

Duk ɗalibin da ya taɓa bin diddigin kalmomi irin su raƙumi, takobi, takarda da cokali, ya ji an ce daga harshen Abzinawa ko danginsa Hausa ta aro su, in ya ci gaba da tono zai tarar masu wannan magana, daga Claude Gouffé har Maarten Kossmann, duk sun leƙa ƙamus guda mai juzu'i 4 da shafi sama da 2,000. Wannan limami ne ya rubuta shi da hannunsa. Abin da ba a cika faɗa wa ɗalibi ba shi ne yadda aka yi aikin: a wane ɗaki, da taimakon wa, da kuma abin da ya kawo mai rubutun wurin tun farko, wanda ba ƙamus ba ne.

A yi mini uzuri kan kalmar Abzinawa. Abzin a Hausa ƙasar Ayir ce, mutanen Ahaggar kuwa ba can suke ba. Sai dai ɗaya kalmar da muke da ita, Buzaye, tana ɗauke da ƙurar bauta, don asalinta ga bayinsu take nuni. Su da kansu a Ahaggar suna kiran harshensu Tamahak, a Ayir da Azawak Tamajak, a Mali Tamashak. Waɗannan h da j da sh duk daga z guda suka fito, wadda har yau take cikin sunan Tamazight na arewacin Afirka.

An haifi Fuko ran 15 ga Satumba 1858 a Strasbourg, cikin tsohon gidan sarauta. Uwa da uba suka rasu duka a 1864, kakansa na wajen uwa, wani tsohon kanar, ya riƙe shi da ƙanwarsa. Ya shiga makarantar hafsoshi ta Saint-Cyr a 1876, daga nan ya wuce ta sojan doki a Saumur, inda ya fito na 87 cikin mutum 87. Gadon kakansa ya faɗo hannunsa a 1878, ya bi ta kansa da ciye-ciye da shagali. Aka tura shi Aljeriya, aka dakatar da shi a 1881 saboda wata mace da ya ƙi rabuwa da ita, ya dawo ya yi yaƙi a kudancin Oran, ya ajiye kaki a 1882.

Daga Yuni 1883 zuwa Mayu 1884 ya ratsa Maroko cikin shigar malamin Yahudawa, tare da jagora Bayahude mai suna Mardoshe Abi Serur, yana auna hanya da tsawon duwatsu a ɓoye, yana rubutu cikin ɗan littafin da ke ɓuya a tafin hannu. Ƙungiyar masana labarin ƙasa ta Faris ta ba shi lambar zinariya a 1885, littafin tafiyar kuma, Reconnaissance au Maroc, ya fito a 1888. A riƙe wannan: mutumin da zai rubuta ƙamus ya koyi lura da awo tun kafin ya koma ga addu'a, ya kuma koye su cikin aikin da sojan Faransa suka ci moriyarsa daga baya.

Ya bar addini tun yana saurayi. Shi da kansa ya nuna cewa ganin Musulmi suna tsai da salla ya girgiza shi. A ƙarshen Oktoba 1886 ya koma Katolika a hannun Fada Huvelin, a cocin Saint-Augustin na Faris. A 1890 ya shiga ruhubanawan da ake kira Trappistes, masu shiru da aikin hannu, da fari a Faransa, sannan a Akbes cikin ƙasar Sham. Ya bar su a 1897 don yana ganin talaucinsu bai isa ba, ya yi shekara 3 a Nazarat yana aike da shara ga wasu mata ruhubanawa, yana kwana a ɗakin katako. Aka naɗa shi limami ran 9 ga Yuni 1901 a Viviers, yana da shekara 42.

A Oktoba na wannan shekara ya sauka Beni Abbas, wata dausayin dabino kusa da iyakar Maroko, inda sojan Faransa suke da sansani. Ya buɗe ƙofarsa ga sojoji da matafiya da bayi. Ya fanshi bayi kaɗan da kuɗin da danginsa suke aiko masa, ya rubuta wa shugabansa na coci, Monsinyo Guérin, wasiƙu masu zafi kan yadda hukumar Faransa ta kawar da kai daga bautar da ake yi a gabanta. Wani tsohon abokinsa na soja, Laperrine, wanda a lokacin yake shugabantar sojan yankin, shi ya jawo shi kudu a 1904. Shekara 2 kafin nan, a Mayu 1902, bindigogin Faransa sun karya mayaƙan Ahaggar a Tit, Musa ag Amastan kuma, wanda ya zama amenokal, wato sarkinsu, ya yi sulhu da Faransawa a In Salah a 1904. Da yardar Musa Fuko ya zauna Tamanrasat. Yarda ce ta sarkin da aka ci mutanensa da yaƙi, bai kamata a manta da haka ba.

Ɗakin da ya gina na dutse da laka ne, tsawonsa kamar mita 6, faɗinsa bai kai mita 2 ba. Sashe ɗaya wurin ibada ne, ɗaya kuma nan ne wurin kwana, nan ne wurin aiki. Daga baya an ƙara masa tsawo, aka yi masa laƙabi da jirgin ruwa saboda siririntakarsa. Fuko mutum ne mai son tsara lokaci. Yakan rubuta wa kansa ƙa'ida, ya raba dare da rana kashi-kashi: tashi tun kafin asuba, addu'a, Misa, karatu, aiki, ɗan abinci, addu'a kuma. Ƙa'idar ba ta taɓa tsayawa yadda ya so ba, domin ƙofar ba ta hutawa. Wannan ta zo neman allura, wancan magani, wani ɗan hatsi ko dabino ko yankin ƙyalle, wani kuwa hira kawai ta kawo shi. Ya sa ƴar'uwarsa Marie de Bondy, wadda ya yi ta musayar wasiƙu da ita har ranar mutuwarsa, ta riƙa aiko masa da kayan saƙa daga Faransa, ya koya wa mutanen ƙauyen. Abincinsa bai wuce kunun alkama ko sha'ir ba, da dabino, da madara in an samu. A tafiya yakan bi raƙumi da ƙafa maimakon ya hau. Rigarsa fara ce, da zanen zuciya da gicciye ja a ƙirji. A hotonsa na ƙarshe babu ko wannan alamar.

Babbar wahalarsa a shekarun farko ba yunwa ba ce. Misa ita ce zuciyar aikin limamin Katolika, dokar coci ta wancan zamani kuwa ta hana limami ya yi ta shi kaɗai, sai da wani a gefensa yana amsa masa. Da ya zo, wani saurayi cikin bayin da ya fansa a Beni Abbas, Paul Embarek, shi yake tsaya masa. Paul ya tafi a Mayu 1906. Wani ɗan'uwa da aka ba shi daga arewa, Michel, rashin lafiya ya mai da shi daga In Salah tun bai ga Ahaggar ba. Saboda haka da Fuko ya koma Tamanrasat a Yuli 1907, ya koma ne yana sane cewa ba zai yi Misa ba sai in wani Bafaranshe ya ratso. Kirsimetin 1907 ta wuce shi babu ita. Mai karatu Musulmi ya kwatanta da limamin da aka ce sallarsa ba ta ƙulluwa sai da mamu, aka kuma ajiye shi inda babu mamu ko guda. Fuko ya zaɓi zama cikin mutanen a kan komawa inda ibadarsa za ta yiwu. A ganina wannan zaɓi ya fi duk wasiƙunsa bayyana irin limancin da ya ƙare a kai.

A wannan lokaci fari ya kama Ahaggar, an yi wajen wata 17 ba ruwa. Fuko ya rarraba ɗan abin da ya ajiye. A Janairu 1908 jikinsa ya ƙi, ya kwanta ba ya iya motsi sai numfashi ya ɗauke masa, ya ɗauka ajali ne. Abzinawan da ke kusa suka bi awakin da suka rage da ɗan nono a kewayen kilomita 4, suka riƙa kawo masa madara har ya tashi. Mutumin da ya zo da niyyar bayarwa, talakawan da ya zo taimaka wa ne suka raya shi, a shekarar da su ma ba su da abin kai wa baki. A ƙarshen wannan wata, ran 31, saƙo ya iso cewa Fafaroma Pius na 10 ya yardar masa ya yi Misa shi kaɗai.

Yanzu ga maganar harshe. Fuko bai zo da nufin zama masanin harshe ba. Abin da ya yi niyya shi ne ɗan ƙaramin jerin kalmomi, da ɗan nahawu, da fassarar Linjila, don limaman da yake fatan za su biyo bayansa su sami abin farawa. Ya ma fassara Linjila tun 1904, bayan ƴan watanni da fara koyo, daga baya ya gane fassarar ba ta da kyau. Wanda ya karkata shi ga hanya shi ne abokinsa Motylinski, tsohon tafinta na soja, malamin Larabci a Constantine, wanda ya zo Tamanrasat a bazarar 1906 ya yi wata uku yana rubuta zantuka daga bakin mutane. Motylinski ya koma arewa ya rasu a Maris 1907, aikin ya faɗo kan Fuko. Daga nan ya bar ɗaukar jumlar Faransanci yana neman a mayar masa da ita Tamahak. Ya koma tattara abin da masu harshen suke faɗa da kansu, ya ciro nahawu da ma'ana daga ciki. Wannan darasi ne da ake koya mana a shekarar farko ta nazarin fili, har muna ganinsa kamar ba komai ba. Shi sai da ya ɓata shekara biyu da fassara guda kafin ya gane shi.

A 1907 ya bi wata tawagar soja zuwa kudu, tare da wani tafinta gwani mai suna Ben Messis. A kowane zango yakan zauna ya ce duk wanda ya kawo waƙa za a biya shi ɗan kwabon Faransa kan kowane ɗango. Mata da yara da tsofaffi suka yi ta zuwa. Abin da ya tara a ƙarshe ya kai ɗango wajen 6,000, cikin waƙoƙi 575. Ba tarawar ce abin mamaki ba, abin da ya yi da su ne. Kowace waƙa ya rubuta sunan mai ita da ƙabilarsa, da dalilin yin ta, ya kawo matanin, ya fassara kalma da kalma, ya sake fassarawa cikin Faransanci mai gudana, sannan ya bi sunayen mutane da rijiyoyi da kwaruruka da ke ciki ya yi bayani. Ya kuma fitar da karuruwan waƙar da sunayensu, bisa jerin dogayen gaɓoɓi da gajeru, abin da ɗalibin arulin Hausa zai gane nan take.

Yawancin waƙoƙin nan na soyayya ne da yaƙi da raƙuma da zambo, har da masu maganar faɗa da Faransawa. Da yawa an yi su ne don ahal, taron dare na samari da mata marasa aure, inda mace take kaɗa imzad, wani abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya kamar gogenmu. Sunan da ya fi yawo cikinsu shi ne na Dasin, ƴar'uwar Musa ag Amastan, wadda ita ma mawaƙiya ce, Fuko kuma ya san ta, yana tambayarta. A matsayinsa na limami bai yarda da abin da ake yi a ahal ba. Duk da haka ya kwafe waƙoƙinsa shekara da shekaru, bai tsabtace su ba, bai mai da su wa'azi ba. Wannan amana ce da masu tattara adabin baka da yawa, na jiya da na yau, suka kasa riƙewa.

Ƙamusin shi ne ya cinye sauran kwanakinsa. An jera shi bisa saiwar kalma, wato baƙaƙen tushe, kamar ƙamusan Larabci, kowace saiwa an rubuta ta da haruffan Tifinag a gefe, sannan kalmomin da suka tsiro daga gare ta su biyo. Ƙarƙashin aikatau guda mutum zai ga ma'anarsa ta asali, da ta aro, da abin da ake iya sa masa a matsayin mai aiki ko karɓau, da kalmomin da suka yi kusa da shi da inda suka rabu. Inda bayani ya gaza sai ya zana hoto: sirdin raƙumi, sassan tanti, kayan aiki. Ya kasa aikatau zuwa rukuni sama da 200, abin da Karl Prasse, masanin ƙasar Danmak, ya zo daga baya ya taƙaita ƙwarai. Prasse ne kuma ya daidaita maganar gajerun wasula biyu da Fuko ba koyaushe yake bambance su a rubutu ba. Kuskuren kunne ne na mutumin da ba shi da na'urar ɗaukar murya, bai kuma taɓa zama ajin ilimin furuci ba. Duk da haka a kan kayan da ya tara Prasse ya gina nahawunsa.

Duk wannan ba shi kaɗai ya yi ba. Mutumin da ya fi kowa zama da shi shi ne Ba-Hammu al-Ansari, magatakardan Musa, mai Larabci da Tamahak. Shekara da shekaru suna zaune su biyu, Fuko yana tambaya, Ba-Hammu yana amsawa, a koma kan kalma guda sau da yawa, aikin yakan kai awa 11 a rana. Ana biyan Ba-Hammu lada. A 1911 suka hau Asekrem, wani tsauni mai tsawon sama da mita 2,700 inda Fuko ya sa aka gina masa ɗaki, suka zauna daga Yuli har Disamba, sanyi da ƙarancin guzuri suka sauko da su.

Ana yawan yabon Fuko da cewa ya ƙi a sa sunansa a kan aikinsa, kuma gaskiya ne. Littafin nahawu da ƙamus da René Basset ya buga a Aljas a 1908 ya fito da sunan Motylinski, alhali da yawan abin da ke ciki gyaran Fuko ne, shi ya nace a yi haka. Sai bayan mutuwarsa aka sa sunansa. Amma akwai suna na uku da bai hau bangon ko ɗaya ba, na Ba-Hammu. Labari ne da muka sani a gida. Magana Hausa da Schön ya buga a 1885, da yawansa daga bakin Dorugu ya fito, yaron ƙasar Damagaram. Bargery, wanda ƙamusinsa na 1934 har yau muke jingina da shi, da aikin mishan ya fara, malamai da yawa kuma suka taya shi. André Prost, wanda ya rubuta littafi a 1956 kan Soŋai da kare-karensa, iyalin da Dendancin Gaya yake ciki, shi ma limamin Katolika ne. Nazarin harsunanmu a rubuce na boko ya taso ne daga irin wannan zama: baƙo mai alƙalami da wata manufa tasa, da ɗan gida mai harshen, wanda sunansa kan tsaya a gabatarwa in ya yi sa'a.

Shekarar 1910 ta yi wa Fuko kwasa. Monsinyo Guérin ya rasu, Fada Huvelin ya rasu, Laperrine ya bar Sahara. Shi kansa yana ɗan shekara 52 ya riga ya zama tsoho: haƙora sun zube, gemu ya yi fari, ido ya raunana, tafiyar da yake yi da ƙafa ta soma fin ƙarfinsa. Ya je Faransa sau 3, a 1909 da 1911 da 1913, yana neman masu shiga wata ƙungiya ta masu bi da ya tsara, a tafiyar ƙarshe ma ya tafi da wani saurayi Ba'abzine mai suna Uksem don ya ga ƙasar. Ƴan kaɗan suka sa hannu. Limamin da zai zo ya zauna da shi kuwa bai samu ba har ya mutu. Baftismar da aka sani ya yi tun Beni Abbas ce, ta wani yaro ƙarami da wata tsohuwa makauniya. A Ahaggar ko mutum ɗaya bai bar Musulunci saboda shi ba. Musa ag Amastan, abokinsa, sai ƙara riƙon addini ya yi a ƙarƙashin malaminsa Shehu Bay al-Kunti. Fuko ya daina sa ran ganin amfanin gona da idonsa. Ya ɗauki aikinsa a matsayin share fili da ƙulla abota, yana ganin sauran na wasu ne, wataƙila bayan ƙarnoni. Yakan yi kukan cewa ƙamus yana cinye masa lokacin addu'a, kullum yana lissafin cewa saura ƴan watanni ya gama, watannin suna zama shekaru. Ya kammala tsabtace shi a 1915.

Akwai kuma wasu wasiƙun, waɗanda masu son sa ba su cika son a tayar ba. Fuko bai taɓa shakkar cewa mulkin Faransa a Sahara daidai ne ba. Yakan soki hafsoshin da suka yi zalunci, amma suka ce ta mai son a gyara mulkin, ba ta mai son a ɗauke shi ba. Yana rubuta wa Laperrine da hafsoshin sansanin da ke kimanin kilomita 50 daga Tamanrasat labarin ƙabilu, da wanda za a amince da shi da wanda za a sa wa ido, da shawarar yadda za a bi da masu hari. Kunnen da ya ji bambancin kalma da kalma shi ne ya ji wa ya tafi ina. Mutanen da suka kawo masa madara a 1908 ba su jahilci haka ba. Ba na ganin ɗayan fuskokin nan biyu ƙarya ce.

Da Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke, ƴan Sanusiyya suka kori Italiyawa daga kudancin Libiya, a Maris 1916 kuma suka ƙwace Janet daga hannun Faransawa. Fuko ya ƙi komawa sansanin soja. Ya sa aka gina wani gida mai kaurin katanga, kimanin mita 15 kowane gefe, da rijiya a tsakiya, don mutanen ƙauye su fake in hari ya zo. Ya koma ciki a Yuni 1916. Hafsoshi suka ajiye bindigogi da harsasai a wurinsa. Ran 28 ga Nuwamba ya rubuta cewa ya gama aikin waƙoƙi.

Bayan kwana 3, ran Juma'a 1 ga Disamba 1916, da magariba, wasu mahara suka kewaye gidan. Wani da ya sani, mai suna Madani, ya kira shi da cewa wasiƙu sun iso. Da ya buɗe ya miƙa hannu sai aka fizgo shi waje, aka ɗaure, aka bar shi durƙushe a hannun wani yaro ɗan shekara 15, Sermi ag Tora, sauran suna kwasar kaya. Alamu sun nuna garkuwa suka so yi da shi. Sai ga sojan raƙumi biyu sun ɓullo, harbi ya tashi, yaron ya firgita ya harbe shi a kai. Paul Embarek, wanda ya riga ya dawo Tamanrasat, yana wurin, daga bakinsa aka ji yadda abin ya faru. Mutanen ƙauye suka binne shi kusa da gidan tare da sojojin da aka kashe. Yana da shekara 58. Kafin mako biyu su cika, Kawusan ya kewaye sansanin Faransawa a Agadas da goyon bayan Sarkin Abzin Tagama, ba a kuma buɗe garin ba sai farkon Maris 1917, da sojan da suka taso daga Zinder. Ramuwar da ta biyo baya ta ci malamai da talakawan Ayir masu yawa, waɗanda ba a rubuta tarihin rayuwar ko ɗaya cikinsu kamar yadda aka rubuta na Fuko ba.

Da hafsan Faransa ya iso gidan bayan mako 3, ya tarar da takardu warwatse a ƙasa. Rubuce-rubucen harshe sun tsira. René Basset ya buga taƙaitaccen ƙamus a 1918 da 1920, bayanan nahawu a 1920, zantukan zube a 1922. Ɗansa André Basset ya fitar da waƙoƙin cikin juzu'i 2, a 1925 da 1930, da ƙamusin sunaye a 1940. Littafin René Bazin na 1921 ya yaɗa sunan Fuko a Turai, ƙungiyoyin ruhubanawa maza da mata suka taso da koyarwarsa a 1933 da 1939, abin da ya nema bai samu ba yana raye. An mai da gawarsa El Golea a 1929. Cocin Katolika ta sa shi cikin waliyyanta ran 15 ga Mayu 2022.

Babban ƙamusin sai a 1951 da 1952 ya fito, daga maɗaba'ar gwamnatin Faransa. Ba a sake tsara shi da haruffan ɗab'i ba, hoton shafukan aka ɗauka, don haka wanda ya buɗe shi yau rubutun hannun tsohon yake karantawa, da Tifinag ɗinsa da zane-zanensa. Karin Ahaggar kaɗai ya ƙunsa. Na Ayir da Azawak, waɗanda su ne maƙwabtan Hausa na kusa, sun jira har 1980, lokacin da aka buga ƙamusin Ghoubeïd Alojaly a Kofenhagen da taimakon Prasse. Alojaly ɗan Nijar ne, Tamajak kuma harshen da ya sha a nono, sunansa ne a bango.